Hannun taga ya sake ba da matsala, ina ciwon yake?

Maigida, barka da aiki. Akwai abin da ya ɗaure mini kai. Wani gida ne a Labadi, nan Accra, tagoginsu masu gilashi biyu ne, firam na farar roba, irin masu buɗewa gefe kamar ƙofa. Hannun ɗaya ya karye, na sayo sabo na ɗaura. Ko sati uku ba a yi ba uwargidan ta kira, wai yanzu hannun juyawa kawai yake yi, tagar kuma ta ƙi buɗuwa. Hannun ne jabu, ko ni ne ban iya ɗaurawa ba? Ta kuma nuna mini wata tagar da raɓa ta kwanta a gilashinta, ta ce in goge, na goga ciki da waje bai fita ba.

Yaro, ka bar jaki kana dukan taiki. Hannun taga ba ya karyewa haka kawai. In ka ga ya karye, to an daɗe ana danna shi da ƙarfi, kuma ba a danna shi da ƙarfi sai in wani abu a ciki ya cije. Da ka sa sabo ba ka nemo abin da ya cije ba, sai ka ba mutanen gidan abin murɗawa mai ƙwari. Wannan karon hannun ya jure, abin da ke bayansa ne ya fashe.

Ka fara sanin abin da ke bayan. Hannun yana da sanda mai kusurwa huɗu, kaurinta milimita 7. Sandar tana shiga wani ɗan akwatin giya da aka binne cikin firam ɗin ganyen taga, wato ɓangaren da ke buɗewa. Giyar ce ke tura doguwar sakata da ke kwance a gefen ganyen, sama da ƙasa. A jikin sakatar akwai 'yan maɓallai masu faɗin kai, biyu ko huɗu, su ne ke zamewa su shiga mazauninsu da aka ɗaure a jikin firam na bango. Wato abu huɗu ne a jere: hannu, giya, sakata, mazauni. A cikinsu giya ce mai rauni, don yawanci ƙarfen zubi ce, ba ta lanƙwasa, sai dai ta ɓare. Kuma ba ta karɓar walda, kada wani ya ruɗe ka.

Duk tagar da aka kira ka a kanta, kafin ka taɓa sukurudireba, buɗe ta ka murɗa hannun tana buɗe. Wannan gwajin ba ya cin minti ɗaya, amma shi ke raba maka aikin. In hannun ya tafi sumul tana buɗe, da ka rufe sai ya yi tauri, makullin lafiyarsa lau, ganyen ne ya sauka ko mazaunin ya goce. In ko a buɗe ma yana da tauri, ƙura ce ko tsatsa a sakata da giya. In kuwa yana juyawa fayau maɓallan ba su motsa ba, ko dai sandar ba ta kai giya ba, ko bakinta ya cinye, ko giyar ta fashe.

Taka tana rufe, don haka sai ka fara buɗe ta. Cire hannun: sukuru biyu ne, tazararsu milimita 43, ɗaya yana ƙarƙashin ɗan murfin roba, ɗayan sai ka juya hannun sannan ya bayyana. Haska tocila cikin ramin. Sa wata sandar mai tsawo, ka kama da filaya ka juya a hankali, kana jawo ganyen zuwa jikin firam don ka rage wa maɓallan nauyi. In ta buɗe, ka yi sa'a, sandar da ka sa ce ta yi gajarta, ta kama bakin giya kaɗan har ta cinye shi. In ramin yana juyawa babu abin da ya motsa, giya ta tafi. To sai ka zare robar da ke tsakanin ganye da firam ta gefen makulli, ka zura faffadan ƙarfe mara kauri ka ɗan buɗa tsakanin, ka lanƙwasa siririn alanki (ɗan ƙarfen kwance sukuru mai kusurwa shida) ko waya mai ƙarfi ka laluba maɓalli, ka tura shi ya fita daga mazauninsa. Dubi wata tagar gidan mai lafiya ka ga ta wane gefe maɓallan ke tafiya in ana buɗewa, kada ka yi ta turawa ta inda suke ƙara shiga. Wasu makullan sakatarsu biyu ce, ta sama da ta ƙasa, kowacce sai ka tura ta daban. Haƙuri ake yi a nan. Wanda ya sa ƙarfen ɓamɓare ƙusa ya danna, zai fasa firam ko gilashi, kuma kuɗin gilashin nan ya ninka ladan aikin sau da yawa.

In ta buɗe, kwance sakatar gaba ɗaya ka tafi da ita shago a hannunka. Kada ka dogara da hoton waya. Abin da za ka auna: tsawon sakata, yawanci milimita 400, 600, 800 ko 1000, nisan da ke tsakanin fuskar sakata da tsakiyar ramin sanda, yawanci 20 ko 22, da tsayin maɓallai. Wannan 20 da 22 ɗin shi ke kayar da yara. A ido iri ɗaya ne, amma in ka sayo wanda ba shi ba ramukan sukurun hannu ba za su haɗu ba, sai ka ga mutum ya ɗauko diril yana faɗaɗa rami, ya ɓata ganyen mutane. Sandar hannu kuwa, zura siririn sukurudireba cikin ramin ka ga zurfinsa. Doguwa ana yanke ta da zarton ƙarfe a goge bakin, gajeriya ba ta da magani. Sukurun hannu ma ka gwada tsawonsu da na da, wanda ya wuce kima yana iya danne giyar daga ciki.

Yanzu ga asalin ciwon, wanda nake zaton shi ne a gidan nan: ganyen ya sauka. Gilashi mai kaurin milimita 1, kowace murabba'in mita nauyinsa kilo biyu da rabi ne. Gilashi biyu masu milimita 4 kowanne, kilo 20 ke nan a murabba'in mita. Ganye mai tsawon mita 1.2 da faɗin santimita 60 yana ɗauke da sama da kilo 14 na gilashi kaɗai, duk yana rataye a gefe ɗaya. Wannan ba luba ba ce, tagar fallayen gilashi irin ta gidajenmu na unguwar Nima, da kowane falle ke zaune a mariƙinsa. Firam na roba shi kaɗai ba zai riƙe wannan nauyi a miƙe ba. Gilashin ne ke riƙe firam, in an tokare shi daidai.

Za ka gane ta sauka in ka ga goga a ƙasan ganyen ta gefen hannu, ko ƙarfe ya yi ƙyalli a bakin mazauni inda maɓalli ke dukansa. Ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa a gicciye, sau biyu. In awon biyu bai zo ɗaya ba, ganyen ya karkace. Sannan ka buɗe shi kaɗan, ka kama ƙasansa ka ɗaga. In ya yi wasa a wajen hinji, hinjin ne. In hinjin na nan daram, tokarar gilashi ce.

Gyaran tokara sai an cire sandunan da ke riƙe gilashi. Yi wa kowacce alama da fensir, sama, ƙasa, dama, hagu, don ba sa son musayar wuri. Fara da mafi tsawo, daga tsakiyarta, da faffadar wuƙa mara kaifi. Ta sama ita ce ta ƙarshe, kuma wani ya dafa gilashin. Tokarar 'yan fallayen roba ne masu tauri, kauri daga milimita 1 zuwa 6. Wurinsu kusurwa biyu ne kawai masu kallon juna: kusurwar ƙasa ta gefen hinji, ɗaya a ƙasa ɗaya a gefe, da kusurwar sama ta gefen hannu, ɗaya a sama ɗaya a gefe. Ka fara da na ƙasa, ka zaunar da gilashin, sannan ka sa cokalin roba a kusurwar sama ka ɗaga firam ɗin a hankali har ya daidaita, ka cusa tokara ta cike gibin. Da haka nauyin gilashin ke gangarawa kan hinjin ƙasa, kamar katakon da kafinta ke gicciyawa a bayan ƙofa don kada ta zube. In ka sa tokara a ƙasa ta gefen hannu, kai da kanka ka tura nauyin inda zai ja ganyen ƙasa. Faɗin tokarar ya ɗauki gilashin biyu duka, kada ɗaya ya zauna ɗaya ya rataya. Ban yarda da kwali ko guntun katako ba, damina ɗaya za su jiƙe su lotse. Wajen mayarwa, gajerun sanduna da farko, dogaye a ƙarshe, da gudumar roba.

In hinjin ne, a canza biyun tare, ko da ɗaya ne ya lalace. Ka auna tsawonsa, na masu buɗewa gefe yawanci inci 12 ne ko 16, ka kuma auna kaurinsa a naɗe, ko milimita 13 ko 17. In ka sa mai 13 a gurbin mai 17, ganyen ba zai zauna tsakiya ba. Fara ɗaure sukurun ramuka masu tsawo, ka rufe ka gwada, sai ta zauna sannan ka sa na ramin ƙarshe. Ramin da ya gaji ba ya riƙe sukuru, sa mai kaurin 4.8 a gurbin 4.3, in firam na alminiyam ne, ribit ya fi. Kuma Labadi bakin teku ne. Iskar gishirin da ke kaɗawa daga can har Teshie da Nungua tana cin ƙarfe mai arha kamar gara. Nemi hinjin da ba ya tsatsa, lamba 304, ka gaya wa mai gida dalilin tsadarsa tun kafin ka saya.

Sai bayan ganyen ya miƙe za ka taɓa mazauni da maɓallai. Shafa ɗan alli a kan maɓalli, ka rufe ka buɗe, za ka ga inda yake bugawa. Sassauta mazaunin ka matsar da shi kaɗan. Maɓallan da yawa ba a tsakiya aka huda su ba, in ka juya su da alanki mai lamba 4 suna ƙara matse ganyen ko su sassauta da kusan milimita 1. Sa takarda tsakanin ganye da roba ka kulle, ka ja. Ta fito da ɗan ƙyar, daidai ne. Ta zame, akwai saura. Ta yage, ka matse da yawa, kuma giyar ce za ta biya. Hannun da aka gyara daidai, da yatsa biyu ake kulle shi.

Maganar mai kuwa, kada ka cika sakata da giris. In hunturu ya shigo daga Disamba, ƙurar nan tana haɗuwa da giris ta zama kamar yashi a cikin giya. Share da buroshi tukuna. Man feshi na WD-40 yana wanke datti amma ba ya daɗewa, don haka ka bi bayansa da ɗigon man keken ɗinki a kowane maɓalli da mazamin hinji, ka goge ragowar. Ramin ɗan makulli, garin bakin fensir ya ishe shi. Robar gefe kada ta ga kananzir ko baƙin mai, kumbura take yi ta lalace. Ruwan sabulu kawai.

Raɓar da uwargida ta nuna maka ba ta goguwa, don tsakanin gilashin biyu take. Akwai siririn ƙarfe da ya raba su, cike da 'yan ƙwayoyi masu shan danshi, an like gefen duka da baƙin danƙo. In liƙin ya buɗe, iska mai laima tana shiga, ƙwayoyin su sha har su ƙoshi, daga nan sai raɓa. Huda gilashi ko shafa silikon a gefe ɓata lokaci ne. Sabon gilashi za a yanko. Auna faɗi da tsawon ramin firam, ka rage milimita 10 a kowanne, wato 5 ta kowane gefe, ka kuma auna kauri, gilashi da tsakani da gilashi: 4 da 16 da 4 shi ne 24, 4 da 20 da 4 shi ne 28. Duba kusurwa, in akwai ɗan tambari gasasshen gilashi ne, irinsa za ka sa a yi, kuma ba ya yankuwa bayan an gasa, don haka awonka ya zama daidai tun farko.

Kafin ka sa sabon, dubi ƙasan firam. Akwai 'yan ramukan da ruwa ke fita ta cikinsu, ƙura da ragowar siminti suna toshe su, wani lokaci mai fenti ne ya like su don yana ganin aibi ne. In sun toshe, gindin gilashin yana kwana cikin ruwa duk damina, abin da ke kashe liƙin ke nan. Zura waya ka buɗe su, ka zuba ruwa kofi ɗaya ka ga ya fita waje. In za ka ɗiga silikon don riƙe tokara, shinshina shi tukuna: mai warin tsami yana cin liƙin gilashi, nemi mara wari.

Gobe in za ka koma, ɗauki tef, alanki, alli, tokara kala-kala da tocila, ka tafi da ɗaya daga cikin yaran shago ya riƙe maka gilashi. Kuɗin giya ka gaya wa uwargida gaskiya, amma ladan ɗaura hannu kada ka karɓa sau biyu.