Makiyayan da Suka Tare Ƙofar Ma'aikata a Oslo: Ba Su da Wakilai ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga bidiyon wasu matasa cikin kayan gargajiya sun zauna dirshan a ƙofar wata ma'aikata a ƙasar Norwe, 'yan sanda na ɗaukar su cak. An ce 'ya'yan makiyaya ne. Abin ya ɗaure min kai. A ƙasar da ake yabo da adalci, su ba su da masu yi musu magana a gwamnati ne?
Daga wata malamar makaranta, Gusau

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Waɗannan su ne Sami, mutanen asali na ƙuryar arewacin Turai, da iyakoki suka raba tsakanin Norwe, Suwidin, Finlan da Rasha. Wasunsu na kiwon wata dabba mai kama da barewa, mai ƙaho rassa-rassa, wadda da hunturu take tone ƙanƙara da kofato ta ci gansakukar da ke ƙasa.

Wakilai kam suna da su. Har majalisar kansu gare su a garin Karasjok na arewacin Norwe, mai kujeru 39, wadda Sarki Olav na Biyar ya buɗe a 1989. Ba a faranti aka miƙo musu ita ba. A 1979, da gwamnati ta dage sai ta gina dam a kogin Alta, wasu Sami sun kafa tantinsu na gargajiya a gaban majalisar dokokin ƙasa suka shiga yajin cin abinci. An gina dam ɗin, amma rigimar ce ta haifi majalisar. Suwidin ta bi sahu a 1993, Finlan a 1996.

To ina gizo ke saƙar? Majalisar tana da ta cewa kan harshe, al'ada da ilimi, kuma doka ta tilasta wa gwamnati ta tuntuɓe ta kafin ta taɓa abin da ya shafi Sami. Amma tuntuɓa ce kawai. Ana iya jin ta bakinka, a gode maka, a je a yi abin da aka ga dama.

Abin da kika gani ke nan. A yankin Fosen an kafa manyan fankoki 151 masu samar da lantarki da iska, a tsakiyar makiyayar hunturu. Dabbobin suka ƙaurace wa wurin. A Oktoban 2021 kotun ƙolin Norwe ta yanke cewa izinin da aka bayar ya tauye haƙƙin makiyayan na raya al'adarsu. Hukunci ya fito, fankoki suka ci gaba da juyawa. Da aka cika kwana 500, a Fabrairun 2023, matasan suka mamaye ma'aikatar makamashi. Ki sake duba bidiyon da kyau, za ki ga wasu sun sa rigunansu a bai-bai, ɗinki a waje. A al'adarsu haka ake nuna an yi maka ba daidai ba.

Ni wannan labari ya taɓa ni, don na taso a garin da burtali ya ratsa, na kuma ga yadda ya yi ta tsukewa har garke ya koma bin kwalta. Ban taɓa jin an kira masu shanun an tambaye su ba.

Daga baya gwamnatin Norwe ta nemi afuwa. An sasanta a ƙarshen 2023 da farkon 2024: fankoki za su zauna, za a riƙa biyan diyya duk shekara, a samar da wata makiyayar, kuma ba za a sabunta izinin ba sai da yardar makiyayan. A ganina wannan na ƙarshen ne kaɗai ya ba su iko na gaske.

Inuwit, mutanen asali na arewacin Kanada, sun fi Sami samun riƙo. Tun 1999 suna da yankinsu, Nunabut, inda su ne mafi rinjaye, majalisarsu mai kujeru 22 kuma ba ta san jam'iyya ba. Sami kuwa 'yan tsiraru ne a kowace daga cikin ƙasashen huɗu, shi ya sa ƙuri'arsu kaɗai ba ta isa ta tsayar da fanka ko ɗaya ba.