Amsa ga mai tambaya kan tiyatar ƙari a ƙwaƙwalwa

Hajiya, kin tambaya ko ya dace ku yarda a yi wa mahaifinku tiyata bayan hoton MRI ya nuna ƙari a ƙwaƙwalwarsa, alhali dangi suna cewa wanda aka buɗe wa kai ba ya komawa daidai. Allah ya ba shi lafiya. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin tiyatar ƙwaƙwalwa, kuma shawarata ita ce kada ku amince ko ku ƙi sai likita ya bayyana muku irin ƙarin da kuma inda ya zauna.

Wanda ake kira meningiyoma yana tsirowa ne daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, galibinsa ba ciwon daji ba ne, kuma na ga mutane da dama sun koma harkokinsu bayan an cire musu shi. Ƙarin fituwitari kuwa, wato wata ƙaramar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, a yau galibi ta hanci ake bi da siririyar kyamara a ciro shi, ba tare da an tsaga kai ba.

Tsoron dangi yana da tushe, amma aikin ya sauya ƙwarai. Akwai na'urar da ke haɗa hoton MRI da kan majinyaci, ta riƙa nuna wa likita daidai inda kayan aikinsa suke. Idan ƙarin yana kusa da sashen magana, akan farkar da majinyaci ana cikin aikin, a sa shi ƙirga ko ambaton sunayen abubuwa, da zarar harshensa ya sarƙe sai likita ya kauce wa wurin. Masu jin wannan sukan razana, amma naman ƙwaƙwalwa ba ya jin zafi. Akwai kuma maganin 5-ALA da Amurka ta amince da shi a 2017, wanda ake sha kafin tiyata, ya sa mugun ƙari ya yi hasken ruwan hoda a ƙarƙashin shuɗin haske, ya bambanta da lafiyayyen nama.

Giliyobilastoma, wani mugun ciwon daji na ƙwaƙwalwa, shi ne mai wuyar, kuma ba zan ɓoye miki ba. Tiyata ba ta raba mutum da shi. Binciken da likita Roger Stupp ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2005, ya nuna cewa haɗa maganin temozolomide da gashi (wato ƙona ƙarin da haske na musamman), maimakon gashin kaɗai, ya ɗaga matsakaicin tsawon rayuwa daga wata 12.1 zuwa 14.6 ne kawai. Duk da haka, rage ƙarin yakan sassauta ciwon kai da amai.

Ba kowane asibiti ke da waɗannan kayan aiki ba, don haka ku tambayi likitan abin da yake da shi a hannu. Ku kuma tabbatar an kai abin da aka ciro ɗakin gwaji, domin tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara jingina rabe-raben waɗannan ƙari ga gwajin ƙwayoyin halitta irin su IDH, kuma sakamakon ne zai nuna ko Baba zai buƙaci gashi da magani bayan tiyatar.