Tenshina mai noti a motar lodi: rangwame ne ko bashi?

Wani ɗan kasuwa daga Daura ya aiko min da tambaya. Yana da a-kori-kura uku ƙirar Hilux, yana jigilar hatsi da kayan masarufi tsakanin Daura, Mai'aduwa da Katsina, jefi-jefi har Kano. Ya ce biyu daga cikin motocin sun fara wata ƙara da asuba idan an tayar da su, kamar ana jan sarƙa a kan kwano, sai injin ya ɗan yi zafi ta lafa. Sau biyu ke nan yana sayen tenshina, wato abin da ke matse sarƙar taimin ta cikin inji, a shekara guda. Yanzu bakanikensa ya ce a cire wadda ke aiki da baƙin mai, a ƙera masa ta hannu, mai ƙusa da noti, a ɗaure a huta. Kuɗinta kaɗan ne. Shi ne yake tambaya ko ya yi wa dukkan motocin haka.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Amsata a taƙaice ita ce kada ka yi, musamman tunda ba kai kake tuƙa motocin ba. Ga dalili.

Sarƙar taimin ita ke haɗa karanshaf (ƙarfen da fistin ke juyawa) da kamshaf (ƙarfen da ke danna bawul), ta sa bawul su buɗe su rufe daidai lokacin da fistin ke hawa da sauka. Karanshaf ya juya sau biyu, kamshaf ya juya sau ɗaya, haka abin yake tun daga tayar da mota har kashe ta. Sarƙa kuwa ƙarfe ce, tana cinyewa a gaɓoɓinta, tana ƙara tsawo a hankali. Aikin tenshina shi ne ta riƙa tura sandar robar da sarƙar ke bi, don kada ta yi sako-sako. Wadda kamfani ya sa, ƙarfin baƙin mai ne ke tura ta: famfon mai ya harbo, ita kuma ta matsa daidai gwargwado, injin na sanyi ko na zafi, mota na tsaye ko tana hawan tudu da buhu ashirin a baya. Babu mai taɓa ta, kullum tana gyara kanta.

Ta hannu ba ta san wannan ba. Inda bakanike ya ɗaure ta, nan take zama har ranar da wani ya sake ɗauko sifana. Idan ya matse da yawa, sarƙa za ta ci robar, ta ci haƙoran giyar, ta takura wa kamshaf. Idan ya bar ta sako-sako, ko kuma sarƙar ta ƙara tsawo bayan wata biyu ba a waiwaye ta ba, tana iya tsallake haƙori. A injuna da yawa, tsallaken nan yana sa fistin ya daki bawul ya lanƙwasa su. Daga nan maganar ta tashi daga tenshina ta koma sauke tof silinda, ko ma neman wani injin ɗan Beljiyam a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano.

Ban ce bakanikenka maƙaryaci ne ba. Masu tseren babura da motoci a ƙasashen waje suna amfani da irin wannan tenshinar, kuma tana yi musu aiki, domin su kusan bayan kowace fita sai sun buɗe inji sun duba. To kai wa zai duba maka? Direban da ya taso daga kasuwar Mai'aduwa da daddare, hankalinsa na kan ya kai lodi ya kawo balas? Abin da za ka yi a zahiri shi ne ka karɓe aiki daga hannun baƙin mai, wanda ba ya mantuwa, ka damƙa wa ɗan Adam.

Abin da ya fi tsaya min a rai cikin wasiƙarka shi ne tenshina biyu a shekara guda. Tenshina mai kyau ba ta mutuwa haka. Ko dai jabu ake sayar maka a kwali mai kyau, ko kuma ciwon ba nata ba ne tun farko. Tunda da mai take aiki, duk abin da ya taɓa mai ya taɓa ta. Baƙin man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, filtar da ba ta riƙe mai idan an kashe mota, juyen da ake jinkirtawa har man ya zama kamar kwalta, rariyar da ke cikin kaskon mai ta toshe da dauɗa, famfon da ya gaji: kowanne daga cikinsu zai sa sarƙa ta yi kuka da asuba. Ƙara da ƙurar hunturu da muke sha daga Disamba zuwa Fabrairu, da sanyin da ke sa mai ya yi kauri ya daɗe bai hau sama ba. Ƙarar da kake ji, injin ne ke gaya maka mai ba ya isa inda ya kamata da wuri. Idan ka sa tenshina mai noti, ƙarar za ta ɗauke, ka ji daɗi, amma man da bai isa tenshina ba, haka bai isa kamshaf da sauran sassan ba. Ka toshe bakin mai ba ka labari ne kawai.

Na taɓa tsayawa a wani gareji a nan Katsina ana kwance wata tsohuwar Hilux mai injin 22R, irin mai lita 2.4 ɗin nan da ba ya jin wahala. Mai ita ya shekara yana jin ƙarar yana cewa halinta ne. Da aka sauke kaskon mai, gutsattsarin robar sarƙa ne a ciki kamar an farfasa tsohon bokiti. Bakaniken ya juyo murfin gaban injin ya nuna mana layi biyu da sarƙar ta sassaƙa a jikin alminiyon, har ta huda ta kai hanyar ruwa. Man da ya tsiyayo kalar shayi mai madara. Wannan sanannen ciwon 22R ne idan roba ta karye aka ƙyale. Mutumin ya tsaya riƙe da hularsa a hannu, yana tambayar nawa ne inji yanzu.

Ba ka faɗi irin injunan motocinka ba, kuma wannan yana da muhimmanci. Idan 2TR ne mai lita 2.7 na fetur, akwai VVT-i, wato na'urar da ke sauya lokacin buɗe bawul, a kan kamshaf, shi ma da ƙarfin mai yake aiki, kuma idan ya gaji yakan yi wata ƙara ta ɗan lokaci da safe wadda ake ɗora wa sarƙa laifinta. Ka ga a nan ko tenshinar zinariya aka sa, ƙarar tana nan. Idan kuwa akwai mai injin gas ƙirar 5L a cikinsu, shi bel yake amfani da shi, maganar sarƙa ba ta shafe shi ba. Manyan motoci irin DAF da MAN ma galibi haƙoran giya ne ke juya kamshaf ɗinsu, shi ya sa ba za ka ji direban tirela yana wannan kukan ba.

Mu zo kan lissafi, tunda nan ne gidanka. Na san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi, kowa na neman inda zai rage. Amma kai kana kwatanta kuɗin tenshina mai noti da kuɗin ta asali ne, alhali ba nan asarar take ba. Mu ɗauka, a misali kawai, mota ɗaya tana bar maka naira 40,000 a rana bayan an cire mai da haƙƙin direba. Idan sarƙa ta tsallake a hanyar Kazaure, sai ka biya janwe, ka nemi wata motar ta kwashe kayan mutane, sannan taka ta kwana goma a gareji. Naira 400,000 ke nan ta tafi tun ba a sayi ko noti ɗaya ba. Ga abokin cinikin da ka saɓa wa alkawari ranar kasuwa, wanda gobe zai kira wani. Sa naka alƙaluman a gurbin nawa ka gani ko rangwamen ya kai.

Da ni ne kai, zan fara da motar da ta fi ƙara. A ɗaura mata agogon auna ƙarfin mai, a gwada da sanyi, a gwada da zafi, kana tsaye a wurin. A sauke kasko a wanke rariya. Idan ƙarfin mai ya yi daidai, a canza kayan taimin gaba ɗaya a zama ɗaya: sarƙa, robobi, giyoyi da tenshina, daga dilan da zai ba ka rasit kuma ka san shagonsa. Sabuwar tenshina a kan tsohuwar sarƙar da ta miƙe, ita ma ba za ta daɗe ba za ta kai ƙarshen tafiyarta. Ina zargin abin da ya cinye maka biyun farko ke nan.

Sai baƙin mai. Ka daina ba direba kuɗin juye a hannu. Ka sayi galan a rufe da kanka, tare da filta, a juye a gabanka ko gaban yaronka, duk kilomita 5,000 a irin hanyoyinmu masu ƙura. Ka ajiye ɗan littafi a kowace mota a riƙa rubuta kwanan wata da lambar kilomita. Kuma daga kowane balas ka ware wani abu, ko kashi goma cikin ɗari ne, a asusun da ba na kasuwa ba, don ranar gyara kada ta same ka kana cin uwar kuɗi.

Akwai inda zan yarda da mai noti: tsohuwar mota wadda an nemi tenshinarta an rasa, mai ita shi ke tuƙa ta, ya san kukan injinsa, kuma ba ya ƙyashin buɗe bonet duk mako. Ko kuma a ɗaura ta na kwana biyu don mota ta iso gida daga inda ta lalace. Idan bakanikenka ya dage, tambaye shi ko zai rubuta maka a takarda cewa idan sarƙa ta tsallake cikin wata shida, gyaran injin a wuyansa yake. Ka turo min abin da ya ce, tare da lambar injin kowace mota.