Tsiron Burokoli da Sukarin Jini: Amsoshin Likita

Saƙonni huɗu na zaɓo wannan karon, duka a kan tsiron burokoli, wato ƙwayar irin burokoli (wani kayan lambu dangin kabeji) da aka jiƙa ta tsiro, ake cinsa yana ɗan kwana uku zuwa biyar, tun yana siririn zare fari mai ganye biyu a ka.

Likita, ni dai akwai ni da son zaƙi. An ce mini in na tauna tsiron burokoli kafin in sha lemon gwangwani, sukarin ba zai yi mini illa ba. Haka ne?

Malam, da haka ne ai da mu likitoci mun huta. Gwangwanin lemo mai mililita 330 yakan ɗauki sukari wajen giram 35. Kana sha, cikin minti 30 zuwa awa guda sukarin jininka ya kai ƙololuwa, jiki ya saki insulin don ya tura shi cikin tsoka da hanta. Bayan awa biyu ko uku, in kana da lafiya, komai ya lafa.

Shi kuwa tsiron ba mai gaggawa ba ne. A cikinsa akwai sinadarin gulukorafanin, da wani mai suna mairosines, kowa a ɗakinsa. Sai haƙori ya fasa tsiron suke gamuwa, su haifar da salforafen, wanda shi ne ke ba da ɗan yajin nan da ke hawa hanci. Masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ne suka ware shi daga burokoli a 1992, a 1997 kuma suka nuna tsiron ya ninka babban burokoli gulukorafanin sau 10 zuwa 100. Aikin salforafen shi ne ya tashi wani furotin da ake kira Nrf2, shi kuma ya sa ƙwayoyin jiki su ƙera sinadaran kare kansu. Wannan aikin awanni ne da kwanaki. Kafin ya kankama, lemonka ya shiga ya gama ɓarnarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In kana son abin da zai rage hawan sukari nan take, tashi ka yi tattaki na minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci, domin tsoka mai motsi tana zuƙe sukari daga jini. Sannan ka rage lemon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a ci da sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin yini, wato wajen giram 50 ga baligi. Gwangwani ɗaya ya kusa cinye rabonka.

Shekarata shida ina shan metformin, maganin ciwon suga, na gaji. Zan iya ajiye shi in koma wa tsiron?

Hajiya, na san akwai gajiya, amma kada ki ajiye. Binciken da ake yawan kafa hujja da shi a Suwidin aka yi, ya fito a 2017. Mutum 97 masu ciwon suga nau'i na biyu suka kammala makonni 12, wasu na shan garin da aka tace daga tsiron, wasu na shan na bogi. An ga sauƙi, amma a wurin masu ƙiba waɗanda sukarinsu ya ƙi daidaita: awon safe kafin karin kumallo ya ɗan sauka, ana ganin saboda hanta ta rage sakin sukari. Abin da masu yaɗa labarin ke tsallakewa shi ne, kusan dukkansu suna kan metformin ɗinsu, ƙari aka yi musu. Kuma garin tatacce ne mai ƙarfi, ba tafin hannu guda na tsiro ba.

A 2025 an sake gwadawa a kan waɗanda ke bakin kamuwa da ciwon. Awon safe ya sauka da kusan 0.2 mmol/L, ɗan kaɗan ke nan, kuma ya danganta da irin ƙwayoyin halittar da ke hanjin mutum. Ki ci a matsayin ganye, ki ci gaba da huda yatsa kina rubuta awon, ki kai wa likitanki littafin.

Ana ta cewa yana maganin kumburi. Ni ban ga inda na kumbura ba.

Ba kumburin da ido ke gani ake nufi ba, ɗan'uwa. Garkuwar jiki ce ke zama a kunne kaɗan-kaɗan ba dare ba rana, musamman ga mai teɓa, kamar garwashi a ƙarƙashin toka. Hakan na sa ƙwayoyin jiki su daina jin kiran insulin. A jini ake gano shi, ta awon wasu furotin biyu masu nuna kumburi, CRP da IL-6. A Sifaniya an ba mutum 40 masu ƙiba giram 30 na ɗanyen tsiro kullum har makonni 10, duka biyun suka ragu. Sai dai ba a ware wasu da ba su ci ba don a kwatanta, shi ya sa ni nake ɗaukar sakamakon da taka-tsantsan.

Ina da ciki wata biyar, kuma an ce dafa shi na kashe amfaninsa. In ci ɗanye?

A'a, 'yar'uwa, bari sai kin sauka lafiya. Gaskiya ne zafin wuta na lalata mairosines, amma ɗumi da laimar da iri ke so don ya tsiro, su ne kuma abin da ƙwayoyin cuta irin su E. coli da salmonela ke so, kuma wanki ba ya raba su da shi. A Jamus a 2011 ɗanyen tsiron hulba ya kwantar da dubbai, sama da mutum 50 suka rasu. Mai ciki, ƙananan yara, tsofaffi da masu raunin garkuwa, dafaffe za su ci. Ba ki yi asara duka ba, don ƙwayoyin hanji na juya wani kaso na gulukorafanin ya koma salforafen ko da an dafa. Sauran mutanen gida masu cin ɗanye su ajiye shi a firji, duk wanda ya fara yauƙi ko wari kuma a zubar.