Ciniki ana yi amma ba na ganin riba, in ci bashi?

TAMBAYA: Salam Malam. Shekara uku ke nan ina ɗan kasuwancina, yara biyu ke min aiki, ɗaya ƙanina ne kuma shi ke riƙe da kuɗi. Wallahi ciniki ana yi amma ƙarshen wata in na duba sai in ga wayam, kaya kuma sai raguwa suke. Ina tunanin karɓar rance a banki in ƙara jari, ya ka gani?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni dai ba zan ce ka tafi banki yanzu ba. Bari in tambaye ka, satin da ya wuce nawa ka zara daga kuɗin ciniki ka yi hidimar gida? In sai ka tsaya tunani kafin ka ba da amsa to matsalarka ba ƙarancin jari ba ce, kwando ne kake ɗiban ruwa da shi, bashi kuma ƙarin ruwa ne kawai.

Kuma ba kai kaɗai ba ne. A Jamhuriyar Dominika an yi wani bincike da aka wallafa a 2014, aka raba ƙananan 'yan kasuwa, wasu aka koya musu lissafin kuɗi irin na makaranta, wasu kuma aka ba su ƙa'idoji masu sauƙi kawai: kuɗin sana'a durowarsa daban, na gida daban, ka yanka wa kanka albashi, in ka ara daga na sana'a ka rubuta ka mayar. Masu ƙa'idoji masu sauƙin nan su ne suka fi gyara lissafinsu, musamman waɗanda ba su da zurfin ilimin kuɗi. Abin kamar wasa ko? Amma gwada yanka wa kanka albashi ka tsaya a kai wata ɗaya ka ji yadda yake da wuya, don kullum akwai dalili mai kyau na sa hannu a durowa.

A Togo ma an gwada wani horo na daban da masu sana'a 1,500 a Lome, waɗanda aka horar su riƙa neman dabara da kansu ba jiran kwastoma ba ribarsu ta ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100.

Sai maganar ƙaninka. Ban ce yana cin kuɗinka ba fa, Allah Ya kiyaye, amma mutum ɗaya ya karɓi kuɗi, shi zai ƙirga, shi zai faɗa maka nawa aka samu, kai kuma kana jin nauyin tambayarsa saboda jini, ai ko waliyyi ne ka sa shi a tsaka mai wuya, ranar da aka samu giɓi ba shi da abin da zai wanke kansa. Ka sayi littafi. Ɗayan yaron ya rubuta duk abin da ya fita har wanda aka bayar bashi da sunan mai shi, ƙaninka ya riƙe kuɗin, da yamma ku zauna ku uku a haɗa rubutu da abin da ke durowa. Kaya kuma a ƙirga duk sati. Shi ma a sa masa albashi sananne, kar a bar shi a kan "ɗauki abin da kake buƙata".

Ka yi haka wata uku, sannan ka sake rubuto min da lambobin, mu duba tare ko rancen zai iya biyan kansa.