Tambaya da Amsa: Na sayi saura a Mishigan don farautar barewa, in shuka ko in zuba masara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni da abokina mun haɗa kuɗi mun sayi fili eka goma a gundumar Montcalm, jihar Mishigan ta Amurka. An daɗe ba a noma shi ba, ƙaya da ƙananan itatuwa sun cinye shi har mutum ba ya iya ratsawa. Burinmu mu samu barewa a lokacin farautar bindiga na Nuwamba. Ga shi Agusta ta shigo ba mu yi komai ba, hankalina ya tashi kada shekarar ta wuce mu. Maƙwabcinmu ya ce mu daina wahalar da kanmu, mu sayi buhunan masara mu zuba wuri ɗaya, barewa za su zo da ƙafarsu. Mene ne shawararka? Daga wani mai karatu a Lansing.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, ba ka makara ba. Farautar bindiga a jiharku daga 15 zuwa 30 ga Nuwamba take, kuma akwai abin da za ka shuka a Satumba ya yi kore shar kafin lokacin.

Sassaben da ke gabanka bai kai yadda kake tsoro ba. Kada ka kira katafila ta share eka goman nan. Wannan kurmin da ya dame ka shi ne ɗakin kwanan barewa, kuma tohon ganyensa shi ne yawancin abincinta. Ka nemi wuri guda da rana ke samu rabin yini ko fiye, ka sassabe rabin eka zuwa eka ɗaya, ka bar sauran. In ɗan itacen nan mai ganye fari-fari da jajayen 'ya'ya da suke kira otam olib ne ya cika filin, sara kaɗai ba ta kashe shi, sai ma ya ƙara toho. Da ka yanke, ka shafa wa kututturen maganin kashe ciyawa na gilayifoset ko tiraikulofir nan take, bisa ƙa'idar da ke jikin kwalbar. Wuta kuwa kada ka kunna sai ka nemi izini. Ka ɗebi ƙasa ka aika gwaji ta ofishin malaman gona na Jami'ar Jihar Mishigan. Irin wannan saurar sau da yawa ƙasarta na da tsami, kuma garin farar ƙasa da ake zubawa yana ɗaukar watanni kafin ya yi aiki. Don haka bana ka shuka hatsin rai, wanda ke jure tsami da sanyi, ka gauraya da kuloba, wata ciyawa mai ganye uku-uku. Hatsin zai ciyar da barewa bana, kulobar ta tsaya da ƙafarta baɗi.

Sai maganar maƙwabcinka, wadda ita ce ta sa na ɗauki tambayarka kafin ta kowa. Kusan kullum sai na ji ta, kuma kullum daga bakin wanda zai ce maka shekara da shekaru yana yi bai ga komai ba.

Laifi ne a inda filinka yake. Tun 2019 aka hana zuba wa barewa abinci don janyo ta a duk ɓangaren kudu na Mishigan da ake kira Lower Peninsula, kuma Montcalm na ciki. 'Yan majalisa sun yi yunƙurin soke hanin a 2019 ɗin, Gwamna Gretchen Whitmer ta ƙi sa hannu. Shuka gona a bar wa namun daji kuwa doka ta yarda da ita. Abin haushin shi ne za ka tsaya gidan mai ka tarar da buhunan masara da karas da tuffa jibge a bakin ƙofa, har da hoton barewa a jiki. Doka ta hana zubawa ta bar sayarwa, sai baƙo ya gani ya ɗauka halal ne. Ranar da jami'in gandun daji ya tarar da tarin masara a gaban maɓoyarka, mai gidan man ba zai raka ka kotu ba. Ka riƙa karanta littafin dokokin farauta na DNR, hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar, kowace shekara, don ana sauya su.

Ko da gobe aka soke dokar, ni dai ba zan ce ka zuba ba. Akwai cutar ramewar barewa da ake kira CWD. An fara gane ta a 1967 a Kolorado, aka same ta a barewar daji a Mishigan a 2015, kuma gundumarka na cikin wuraren da ta fi kamari a jihar. Ba ƙwayar cuta irin wadda aka saba ba ce, wani furotin ne da ya lalace yake cinye ƙwaƙwalwar dabba. Ba magani, ba rigakafi. Yana fita ta yawu da fitsari da kashi, ya zauna cikin ƙasa shekaru. Barewa na iya ɗauke da shi fiye da shekara tana yawo da ƙibarta, ba ka ga alama ba. To ka duba abin da tarin masara ke yi: duk barewar yankin ta zo ta cusa baki a wuri ɗaya, dare bayan dare, wannan ta lashi inda waccan ta zubar da yawu. Wanda ya ce maka "ai barewata lafiya lau suke" da ido ya duba, ido kuwa ba ya ganin wannan cuta sai ta kusa kashe dabbar.

Mutanen arewa maso gabashin jihar, wajen Alpena da Montmorency, sun riga sun ɗanɗana irin wannan da tarin fukan shanu. Tun 1994 ake fama da shi a barewar wurin, inda aka daɗe ana jibge musu abinci, kuma ya riƙa shiga garken shanun manoma. Har yau ba a rabu da shi ba.

Masarar kanta ma tana kisa. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san abin da ke samun akuya in ta faɗa rumbu ta ƙoshi da hatsi. Barewa ma mai tuƙa ce. In sanyi ya shigo, tumbinta ya saba da ƙirare da tohon itace, ta ci masara da yawa lokaci ɗaya sai tumbin ya yi tsami, ta mutu da ciki cike. Ga kuma masarar da ruwa ya doka ta yi fumfuna, gubar afalatoksin da ke cikinta na illa ga talotalon daji da ke zuwa tsintar ragowa.

Za ka ce ai gonar ma tara su take yi. Gaskiya ne, kuma ba zan ce maka ba ta da haɗari ko kaɗan ba. Amma rabin eka na ganye, inda kowace ke tsinkar nata nesa da 'yar'uwarta, ba ɗaya ba ne da tsibin da bai fi faɗin tabarma ba. Shi ya sa ma na fi son ka yi gonar doguwa siririya a gefen kurmin, kuma kada ka ajiye musu dutsen gishiri, hukuncinsa ɗaya da masara.

In Allah ya ba ka sa'a a Nuwamba, ka sanar da DNR ta intanet cikin awa 72 kamar yadda doka ta ce, sannan ka kai kan barewar gwaji kafin iyali su taɓa naman. Ba a tabbatar cutar ta kama ɗan Adam ba, amma CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta ce kada a ci naman wadda gwaji ya nuna tana da ita, kuma dahuwa ba ta lalata wannan furotin komai daɗewar tukunya a wuta. Ka ajiye naman kowace barewa daban a firiza, da alama a jiki, har sakamako ya fito.