Amsa ga mai tambaya kan cikin ƙanwarta

'Yar'uwa, kin ce ƙanwarki ta samu ciki ba aure, gida ya rabu biyu: wasu sun ce a zubar, wasu sun ce ta haihu a ba da riƙo. Ni dai shawarata ta haihu, a ba wata amintacciya cikin dangi. Dokar Nijar ta 2006 ba ta yarda da zubar da ciki don gudun kunya ba, sai in lafiyar uwa na cikin haɗari ko ɗan tayin na da mummunar tawaya. Zubar da ciki a ɓoye kuwa, da jiƙe-jiƙe, yakan kai yarinya asibiti jini na zuba, wata ba ta komowa.

Sharaɗi ɗaya: riƙo ne, kada a canza wa yaron asali. Suratul Ahzab ta hana mutum ya mayar da ɗan wani nasa. Gwaggota a unguwar Birni, nan Damagaram, ta riƙi irin wannan jaririn. 'Yarta ta shayar da shi kafin ya kai shekara 2, ya zama muharramin gidan. Tun da ba shi da gado a wurin gwaggon tawa, ta rubuta masa wasiyya cikin sulusin dukiyarta. Ku tambayi ƙanwar taki tukuna, ita ke ɗauke da shi.